Wa Ke Tsaron Saurayi Inda Ba Ido?

In dattawa sun zauna gindin itace da la'asar a Sabon Birni ko a Isa, da wuya su tashi ba su taɓo zancen yaran yanzu ba. Wani ya ce ba su da kunya. Wani ya ce wayar hannu ce ta lalata su. Wani kuma ya ɗora laifin a kan iyaye mata. Mu ma mun sha faɗin irin wannan magana a gida da cikin ekklesiya. Amma zargi bai taɓa komo da ko yarinya ɗaya gidan ubanta ba. Saboda haka bari mu ajiye zargi tukuna, mu yi tambaya guda. Sa'ad da saurayi da budurwa su ka kaɗaita, ba uwa, ba uba, ba maƙwabci, mene ne ya ke riƙe su? In kuwa sun faɗi, mene ne ya tura su?

Tambayar ba ta wasa ba ce, gama a cikinta akwai mutuncin 'ya'yanmu, da lafiyarsu, da ran jariran da za a haifa.

Shingen da

Kada mu ce mutanen da ba su da sha'awa. Jinin da ya ke gudu a jikin jikokinsu shi ne ya gudu a nasu. Abin da su ke da shi shi ne shinge.

A ƙasar Hausa akwai al'adar da a ke kira tsarance. Samarin gari suna da sarkinsu, 'yan mata kuma suna da shugabarsu. Bayan wasan dandali, budurwa ta kan kwana kusa da saurayinta, su yi hira da wasa, amma da iyaka sananniya wadda ba a ƙetarewa. Wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin zamanta a garin Giwa cikin 1949 da 1950, aka buga littafin a 1954, a ciki kuwa ta yi zancen wannan al'ada. Malamai sun daɗe suna ƙyamarta, mu ma ba yabonta mu ke yi ba. Mun kawo ta domin mu ga abin da ya riƙe iyakar nan. Ido ne. Kowa ya san wace ce ta wane. In an yi ɓarna, sarkin samari zai ji, ƙawaye za su ji, kafin rana ta take zancen ya kai bakin rijiya. Daren farko na aure kuma yana jira, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

A Gobir har da sarauta aka tanada. Tun zamanin Alƙalawa, birnin da ya faɗi a 1808, wanda kufansa ya ke cikin ƙasar Sabon Birni, akwai Inna, mace daga gidan sarauta, wadda sha'anin mata da na bori ya ke hannunta. Sarautar ba ta mutu da birnin ba, ta bi Gobirawa zuwa Tsibiri da Sabon Birni. Watau mace ba ta rasa wata babba wadda ta ke sa ido a kanta.

Shingen nan ya yi aiki, ba mu musu. Amma yana da aibi biyu. Na fari, nauyinsa duka a kan yarinya ya ke. Ita a ke dubawa daren aure, ba wanda ya ke duban ango. Na biyu, hanyar da iyaye su ka fi dogara da ita ita ce gaggauta aure, a kai yarinya ɗakin miji tun ƙashinta bai ƙosa ba. An tsare sunan gida, amma wata ta biya da doguwar naƙuda da ciwon yoyon fitsari. Har a zamaninmu, lissafin UNICEF ya nuna a ƙasar Nijar, maƙwabciyarmu, wajen 76 cikin 100 na 'yan mata an aurar da su kafin su cika shekara 18.

Yadda shingen ya faɗi

Abubuwa huɗu su ka kayar da shi.

Na ɗaya, cin rani. Da an gama girbin gero samari sai su nufi Kano, ko Abuja, ko Ikko da sauran garuruwan Kurmi. Can ba wanda ya san uban wane. Yaron da bai taɓa ɗaga ido ya dubi surukar yayansa ba, ga shi a tasha tsakar dare da kuɗi cikin aljihu.

Na biyu, tsadar aure. Sadaki, da lefe, da kayan ɗaki, da wurin zama, sun sa saurayi ya kan yi shekaru yana tari. Babban binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna rabin mata sun yi auren fari a wajen shekara 19 ko ƙasa da haka, amma rabin maza sai da su ka kusa 28 ko su ka wuce. A nan Arewa mata su kan riga haka ma. Watau saurayi ya kan yi shekara goma ko fiye tsakanin balaga da aure. Mene ne zai yi da zuciyarsa a shekarun nan? Ba mu cika yi masa wannan tambaya ba.

Na uku, wayar hannu. Zancen da a da sai an yi sallama a ƙofar gida, ƙanen yarinya yana leƙe, yanzu a kan yi shi ƙarƙashin mayafi kowa yana barci.

Na huɗu shi ne mafi ciwo, watau gudun hijira. Ran 27 ga Mayu 2020 'yan bindiga su ka faɗa wa waɗansu ƙauyukan Sabon Birni, har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari, su ka kashe mutum sama da 70. Tun 2019 dubban mutane daga iyakar Sakkwato da Zamfara da Katsina su ka ƙetara zuwa jihar Maraɗi, wajen Gidan Rumji, waɗansu kuma su ka taru a makarantu da kangaye cikin manyan garuruwa. A watan Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda su ka sace shi. Inda sarki bai tsira ba, wane sarkin samari ne zai tsare dandali?

A nan sai mu dakata mu faɗi wata magana a fili. Yarinyar da aka ɗauke da bakin bindiga aka yi mata fyaɗe, ba ta cikin waɗanda mu ke zance a kansu. Ba ta zaɓi kome ba, ba ta yi zunubi ba. Laifin duka yana kan wanda ya yi mata. In ta komo, ko da ciki ko da goyo, abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu kai ta asibiti da sauri, mu rufa mata asiri, mu zaunar da ita a tsakiyarmu. Wanda ya nuna ta da baki ya ƙara wa ɓarayin daji hannu. Zancenmu a kan waɗanda su ke da zaɓi ne, ko da zaɓin ƙunci ne.

Alkawarin baki

To, da ya ke shingen waje ya faɗi, waɗansu sun ce sai mu sa yaran su yi alkawari. An gwada wannan a Amurka. A 1993 ekklesiyoyin Baptis na kudancin ƙasar su ka soma wani shiri, matasa suna sa hannu a kati cewa za su kame kansu har ranar aure. A 1994 an jera katuna sama da 200,000 a wani fili a birnin Washington. Abin ya yi kyaun gani ƙwarai.

Bayan shekaru wata mai bincike, Janet Rosenbaum, ta bi sawu, ta buga abin da ta samu a 2009. Ta gwada waɗanda su ka yi alkawarin da waɗansu matasa masu irin tarbiyyarsu da irin riƙonsu ga addini, amma ba su sa hannu a kati ba. Bayan shekara biyar ba ta ga bambanci a halinsu ba. Abin mamaki kuma, 82 cikin 100 na masu alkawarin sun ce su ba su taɓa yin wani alkawari ba. Waɗanda su ka karya shi kuwa sun fi sauran sakaci wajen tsare kansu daga ciki da cuta.

Amma akwai abu na biyu cikin binciken nan da ya kamata mu lura. Ƙungiyoyin biyu, masu kati da marasa kati, duka sun jinkirta har wajen shekara 21, fiye da yawancin matasan ƙasarsu. Ashe tarbiyya ta yi aiki. Katin ne bai ƙara kome ba. Abin da ya riga ya zauna a zuciya shi ya riƙe su, gwargwadon ƙarfinsa. Hali zanen dutse, alkawarin taro kuwa zanen rairayi ne a bakin Gulbin Rima.

Mutum biyu cikin riga ɗaya

Me ya sa yaron kirki, wanda ya san gaskiya, ya kan yi abin da shi kansa ya ƙi? Masana halin ɗan Adam biyu, Dan Ariely da George Loewenstein, sun yi wani gwaji da waɗansu ɗalibai maza na jami'ar Berkeley, su ka buga shi a 2006. Sun yi musu tambayoyi iri ɗaya sau biyu, sau ɗaya suna cikin natsuwa, sau ɗaya kuma sha'awarsu ta motsa. Amsoshin su ka sha bamban. Cikin zafin sha'awa, sun fi yarda za su ce wa mace suna ƙaunarta domin su sami biyan bukata, sun fi yarda za su ci gaba da matsa mata bayan ta ce a'a, sun kuma rage damuwa da tsare kai. Ɗaliban ba su da yawa, amma abin da aka gani kowane mai gaskiya ya san shi a kansa.

Manomin fadama ya san wannan darasi. Da rani ka kan taka Rima da ƙafa a waɗansu wurare, ruwan bai kai gwiwa ba. Wanda ya auna gulbin a ranar nan ya kafa bukka a bakinsa, watan Agusta zai ba shi labari. Haka saurayi ya kan auna kansa ran Lahadi da safe, cikin farar riga, ya ce shi ya fi ƙarfin jaraba. Bai yi ƙarya ba, amma wanda ya auna ba shi ne zai tsaya a ɗakin nan da dare ba. Likitoci kuma sun ce sashin ƙwaƙwalwa na gaban goshi, wanda ya ke auna ƙarshen al'amari, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Wannan ba hujjar yin laifi ba ce. Dalili ne na yin shiri tun ruwa bai kawo ba.

Ba duka ne sha'awa ba

Mu manya mun saba kiran abin duka da suna ɗaya, iskanci. Amma likitan da ya ke kiran kowane ciwo zazzaɓi ba zai warkar da kowa ba. In mun zauna da yaran nan mun saurara, za mu tarar abubuwa dabam dabam ne su ke tura su.

Akwai kaɗaici. Ɗan cin rani ya yi wata huɗu ba wanda ya kira sunansa da daɗi. Mace ta fari da ta tambaye shi ko ya ci abinci ta riga ta kama rabin zuciyarsa.

Akwai tsoron rashi. Budurwa ta ga sa'o'inta sun yi aure, saurayin ya ce in tana sonsa ta nuna, ita kuwa tana tsoron in ta ƙi zai koma wajen wata. Ba jikinta ne ya ja ta ba, fargaba ce.

Akwai yunwa. Mu ɗauki misali. Yarinya ta gudo da uwarta da ƙannenta uku, uban ya mutu, gonar tana hannun ɓarayi. Tana tallar ƙosai a tasha. Wani ɗan kabu-kabu ya kan saye ragowar duka kowace yamma, ya kan kai ta gida kyauta. Ran da ya nemi lada, da wane baki za ta ce a'a? Ta san daidai, amma ta san kukan ƙannenta kuma.

Akwai girman kai. Majalisar samari ta kan yi wa mai kamewa dariya, a ce shi ba namiji ba ne. Yaro da yawa ya ɓata 'yar mutane ba domin yana sonta ba, sai domin ya sami abin faɗi a wurin mai shayi.

Akwai kuma baƙin ciki. Wanda ya ga an kashe ubansa a gabansa, ya kan ce a ransa, gobe ma wa ya san zan kai? Mutumin da ya fid da zuciya ga gobe, da wuya ya ajiye wani abu dominta.

Duk waɗannan suna shiga da rigar ƙauna. Aikin fari na mai hankali shi ne ya tuɓe musu rigar, ya kira kowanne da sunansa. Wanda ya iya ce wa kansa, "Kaɗaici ne ya ke damuna yau," ya san maganin da zai nema, ya tafi wajen 'yan'uwa. Wanda ya ce, "Ƙauna ce," alhali kaɗaici ne, zai sha maganin da ba na ciwonsa ba, ya kuma shayar da wata.

Ɗakuna biyu

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin samari biyu, kowannensu a ɗakin da ba ido.

Na fari Amnon ne, ɗan Sarki Dawuda, cikin littafin Sama'ila na biyu, sura 13. Ya ƙallafa rai a kan Tamar, 'yar ubansa, har ya rame. Abokinsa Yonadab ya ba shi dabara, ya yi ciwon ƙarya domin a aiko ta ta yi masa abinci. Da ta zo ya sa kowa ya fita. Ta roƙe shi, ta nuna masa kunyar da za ta bi ta, da sunan da shi kansa zai ɓata. Bai ji ba, ya fi ƙarfinta. Da ya gama sai ya tsane ta fiye da yadda ya so ta, ya sa bara ya fitar da ita ya kulle ƙofa. Ta ƙare zamanta a gidan wanta Absalom cikin ƙunci. Dawuda ya ji, ya husata, amma bai hukunta ɗansa ba. Bayan shekara biyu Absalom ya sa aka kashe Amnon.

Na biyu Yusufu ne, cikin Farawa sura 39, wanda maƙwabtanmu Musulmi ma su ka san labarinsa sarai. An sayar da shi yana ɗan shekara 17. Baƙo ne, bawa, nesa da uba da dangi, ya fi kowane ɗan cin rani kaɗaici. Matar maigidansa ta yi ta nemansa kowace rana. Ran nan gidan ba kowa. Abin da ya tsaya a ransa biyu ne, amanar mutumin da ya danƙa masa gidansa, da Allah wanda ya ke gani. Ya bar rigarsa a hannunta ya gudu, aka yi masa ƙage, ya tafi kurkuku.

Ku duba bambancin. Amnon yana tsakiyar danginsa, shinge ya kewaye shi ta ko'ina, shi ya kori idon da kansa. Yusufu ba shi da shinge ko kara ɗaya, ya tsaya. Amnon ya ce ƙauna ce, amma ko sau ɗaya bai tambayi abin da zai sami Tamar gobe ba. Yusufu kuwa mutanen da abin zai shafa su ne a gabansa. Ku lura kuma, bai tsaya yana gwada ƙarfin zuciyarsa ba. Ya san gulbi, ya yi ta kansa.

Wa zai ɗauki kayan?

Wani saurayi mai ilimi zai ce mana, "Baba, in mu biyu mun yarda, ba wanda aka tilasta, ina laifi?" Tambayar tana bukatar amsa, ba tsawa ba. Yarda wajibi ce, inda babu ita zalunci ne tsantsa. Amma yarda kaɗai ba ta isa ba. Mai bashi da mai ba da rance da ruwa su ma sun yarda, duk da haka ɗaya ne ya ke kwana da ido biyu. Tambayar da ta fi ita ce, in abin ya ɓaci, a kan wa kayan za su sauka?

A ƙasarmu amsar ba a ɓoye ta ke ba. A 2001 wata kotu a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin jifa, gama ta haihu ba miji. Mutumin da ta ambata ya musanta, aka sallame shi domin ba shaidu. Kotun ɗaukaka ƙara ta Sakkwato ta sake ta a watan Maris 2002. Ba mun kawo wannan domin mu jefi kowa ba ne, gama a gidanmu ma haka abin ya ke. Sau nawa aka sa yarinya ƙarƙashin horo, ta zauna a bencin baya da cikinta, an hana ta Jibin Ubangiji, makarantarta ta tsaya, yaron kuwa ya hau mota ya tafi Ikko, bayan shekara biyu ya komo aka ɗaura masa aure da wata, har da kiɗa? Mun yi irin ta Dawuda, mun husata mun yi shiru.

Saboda haka ga ma'aunin da mu ke ba samarinmu. In kana so ka san ko abin da ka ke ji ƙauna ce, ka tambayi kanka ko ka yarda ka ɗauki rabin kayan, a fili, gaban ubanta da naka. In ka yarda, ka san hanyar ƙofar gidansu, ka aika manya. In ba ka yarda ba, to, kanka ka ke so, ita kuwa ka mai da ta ƙwaryar sha. Son zuciya ɓacin zuciya.

Wani dattijo kuma zai ce, "Ku bar dogon zance, tsoro shi ne maganin yaro." Tsoro yana da amfaninsa, kamar ƙaya a bakin lambu. Amma tsoron ido ya kan koya wa mutum ɓuya ne kawai. Shi ne ya kan kai yarinya wajen mai maganin zub da ciki a asirce, wata ta zub da jini har ta mutu ba ta gaya wa uwarta ba. Kunya iri biyu ce. Akwai kunyar kada a gan ni, wannan ta kan ƙare a bakin tasha. Akwai kunyar kada in zama irin mutumin da ya ke cin amanar wanda ya amince da shi, wannan kuwa ta kan bi mutum har Kurmi.

Abin da ya rage gare mu

Ba za mu iya komo da dandalin da ba, ba kuwa za mu ƙwace wayar kowa ba. Amma ba mu rasa abin yi ba.

Ku samari da 'yan mata, ku yanke shawara tun kuna cikin natsuwa, ku yanke ta a kan wuri da lokaci, gama alkawarin "ba zan yi ba" ya fi wuyan riƙewa bisa "ba zan shiga ɗakin nan ba". Ku faɗa wa juna iyakar da baki, da rana. Kowa ya sami babba ɗaya wanda zai iya gaya wa gaskiya. Ke kuma 'yarmu, wanda ya ce sai kin ba da jikinki zai gaskata ƙaunarki, ya riga ya gaya miki ko shi wane ne. In kuwa an riga an faɗi, kada a ƙara ɓarna a kan ɓarna. A tafi asibiti a auna jini, a gaya wa babba, gama akwai gafara, akwai kuma magani, amma ɓuya ba ta kawo ko ɗaya.

Ku iyaye, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, amma in uwa ba ta iya yi wa 'yarta zancen jiki ba, sai ta sa inna ko gwaggo ta yi, uba kuma ya sa kawu ko baffa ya zauna da yaron. In ba mu yi ba, waya za ta yi. A nan ƙasar Gobir ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi mazan da su ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, fiye da shekara 200 ke nan, zargin kuwa bai tsufa ba. Mu rage kuma nauyin lefe da biki, kada mu tsare ƙofar aure da akwatuna sa'an nan mu yi mamakin masu haurawa ta katanga.

Ku dattawan ekklesiya da Zumuntar Mata, in za a yi horo, a yi wa biyu, a kuma yi shi domin a komo da su. Ku san gidajen gwauraye da na 'yan gudun hijira. Mudun gero da aka kai wa uwar yarinyar nan mai tallar ƙosai zai ba ta bakin cewa a'a, fiye da wa'azi goma.

A ƙarshe, yaro ba ya koyon darajar mace daga bakinmu. Yana koyonta daga yadda ya ga ubansa yana yi wa uwarsa magana sa'ad da tuwo ya yi latti, da yadda ya ga an karɓi yayarsa ran da ta komo gida da kuka. Abin da ya gani nan shi zai ɗauka cikin jakarsa ran da zai hau motar cin rani. Bari kowannenmu ya tambayi kansa daren yau, me na sa wa ɗana a jaka?